Shekara 102 na Hajiya Dada da Kakannin Zangon Agege

 Sharhin yau a kan wata uwa ne, kuma kaka, wadda Allah ya ara wa kwanaki irin waɗanda ba kasafai ake samu ba. Daga kanta kuma maganar za ta gangaro zuwa kan tsofaffin da ke zaune a lungunan Zango, da waɗanda aka baro a Arewa aka taho neman halali.

Ranar Litinin, 2 ga Satumba, 2024, Allah ya yi wa Hajiya Dada rasuwa a Katsina tana da shekara 102. Washegari aka yi mata sutura, aka kai ta maƙabartar Ɗan Marna, inda aka binne ɗanta Umaru shekara 14 kafin nan. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarci jana'izar a madadin gwamnatin tarayya, manyan 'yan siyasa na jam'iyyu daban-daban kuma suka yi ta tururuwar zuwa ta'aziyya. Matar da aka taru dominta ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba, ba ta riƙe ma'aikata ba, ba ta hau dandamali ta yi jawabi ba. Matar Alhaji Musa 'Yar'aduwa ce, Mutawallen Katsina, mahaifiyar Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa.

Mai sauraro a Agege zai iya tambaya, ina ruwan mazaunin Legas da rasuwar dattijuwa a Katsina, tafiyar da ta haura kilomita 1,000? Amsar tana kan titunan Legas ɗin. Mijinta shi ne Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, ya riƙe muƙamin har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, kuma har gobe akwai titi mai sunansa a Victoria Island. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya ɗora wa ɗanta Shehu ma'aikatar sufuri, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Apapa, suna jiran layi wata da watanni. Umaru kuwa a Legas ya fara riƙe alli, a makarantar Holy Child, tsakanin 1975 da 1976. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007, shi ya ba da umarnin a saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin da ta gabace shi ta riƙe. Shugaba Bola Tinubu ma, da ya ci kujerar sanata a 1992 mai wakiltar Legas ta Yamma, mazaɓar da Agege take ciki, a ɓangaren siyasar Shehu 'Yar'aduwa yake cikin jam'iyyar SDP. Ke nan gidan da wannan baiwar Allah ta riƙe ya daɗe da sa hannu a rayuwar birnin nan.

A tsaya a auna shekara 102. An haife ta wajen 1922, shekarar da aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta buɗe ido Sarki Muhammadu Dikko yana kan karaga. Ta ga sarautar Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, ta ga ta Muhammadu Kabir Usman har 2008, ta rasu a zamanin Abdulmumini Kabir Usman. Sarakuna huɗu ke nan a idon mace ɗaya. Ta yi cefane da fam da sule da kwabo, ta ga shigowar naira a 1973, ta kuma riski zamanin da jika zai turo wa kakarsa kuɗi ta waya. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba, ita ta kusa ninka shi.

Sarautar Mutawalle kaɗai ta isa ta nuna zurfin zamanta a gidan. Surukinta Malam Umaru ya riƙe ta, mijinta ya riƙe ta, ɗanta Umaru ya gaje ta, bayansa kuma ta koma kan Abdul'aziz.

Sai dai duk wanda ya zauna da tsoho ya san tsawon rai ba hutu ba ne. Wanda ya daɗe, shi ke karɓar gaisuwar waɗanda ya so su karɓi tasa. Hajiya Dada tana matar minista aka wayi gari an kashe Firayim Minista da Firimiyan Arewa a dare ɗaya. Shekara guda da 'yan watanni bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke, ɗanta Shehu yana bakin daga, cikin dakarun da suka yi gumurzun Onitsha. Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe Murtala a kan titin Legas, aka ɗauko Shehu yana da shekara 32 aka naɗa shi mutum na biyu a gwamnatin soja, ya zauna a kujerar har aka miƙa mulki ga farar hula a 1979. Jama'a sun ga ɗaukaka. Uwa kuwa, kowace ce, abin da take gani shi ne ɗanta ya shiga inda aka zubar da jinin ubangidansa jiya jiya.

A Jamhuriya ta Biyu siyasa ta ratsa tsakar gidan. Maigida jigo ne a NPN, Umaru kuma ya bi PRP ta Malam Aminu Kano. Uba da ɗa suka tsaya a layi biyu masu hamayya, gidan kuma bai tsage ba.

A 1993 mijinta ya rasu. A watan Maris na 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Shehu bisa zargin yunƙurin juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ranar 8 ga Disamba, 1997, ya cika a tsare a Abakaliki, yana da shekara 54. Gawarsa aka kawo mata Katsina. Bayan shekara biyu Umaru ya zama gwamna, bayan takwas kuma shugaban ƙasa, amma da ciwo a jikinsa. Tun ana yaƙin neman zaɓe, a Maris na 2007, aka baza jita-jitar ya mutu alhali yana asibiti a Jamus. Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka fita da shi Saudiyya, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010, ƙasa ta cika da ka-ce-na-ce a kan wa ke riƙe da mulki. Ranar 5 ga Mayu, 2010, ya rasu a fadar Aso Rock yana da shekara 58. Mahaifiyarsa tana dab da 90, ta sake zama a kan tabarmar makoki.

Ta rayu shekara 31 bayan mijinta, kusan 27 bayan Shehu, 14 bayan Umaru. A tsawon wannan lokaci gidanta da ke Unguwar 'Yar'aduwa ya zama wurin da masu neman mulki ke zuwa gaisuwa idan sun shiga Katsina. Jikanta Murtala, ɗan Shehu, ya riƙe muƙamin ƙaramin ministan tsaro a 2010, Abdul'aziz kuma ya shiga Majalisar Dattawa a 2023 ƙarƙashin APC. Daga NPC ta zamanin Sardauna har zuwa jam'iyyun yau, da wuya a sami zamanin siyasar da bai biyo ta ƙofar ɗakinta ba.

Ga inda maganar take. An gina cibiya a Abuja da sunan Shehu. Akwai jami'a da filin jirgin sama a Katsina da sunan Umaru. An rubuta littattafai a kansu, an adana jawabansu da hotunansu. Matar da ta goya su, ta yaye su, ta koya musu gaisuwa da alwala, sai a layi ɗaya ake ambatonta: mahaifiyar wane. Idan haka ta kasance ga uwar shugaban ƙasa, ina ga uwar mahauci a Oko-Oba, ko uwar ɗan gwari a Mile 12, ko uwar mai shayin da ke kwana a bakin titin Pen Cinema?

Mutanen Legas sun ga wani salon. Alhaja Abibatu Mogaji, shugabar matan kasuwa, ta rasu a watan Yuni na 2013 tana da shekara 96, kuma tun tana raye sunanta nata ne, ba aro ba, domin aikinta a bainar jama'a ta yi shi. Aikin Bahaushiya kuwa yawanci a bayan zaure yake. Ba ya shiga jarida, ba ya shiga fayil, amma a kansa unguwa take tsaye.

A dubi yadda Zangon Agege ya kafu. Kafin zuwan Turawa, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan niƙi gari da jakuna har Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su yi watanni kafin su dawo da goro. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Legas, ta isa Ibadan a 1901, daga baya ta isa Kano, sai lissafi ya canza. Manoman Agege da kewaye suka dasa goro, tashar jirgi tana kusa da gonakin, Hausawa suka sauka suka yi zango. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana haurawa. Zangon ya zama unguwa, aka yi masallatai da makarantun allo, aka naɗa Sarkin Hausawa. Yau akwai gidajen da tattaɓa-kunne ne ke zaune a cikinsu, suna jin Yarabanci kamar Hausa, ba su san wani gida ba bayan Agege.

In ana ba da wannan tarihi, sunayen fatake da dillalai da masu masauki ake lissafawa. To wa ya dafa wa baƙon da ya sauka daga jirgi da daddare? Wa ya riƙa dama fura, yana tuƙa tuwon sayarwa, yana suyar ƙosai tun asuba? Matan Zango ne. Daga cikin ɗaki suka yi sana'a, suka zuba adashi, suka haɗa wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, suka biya kuɗin Laraba na makarantar allo, wani lokaci har su ranta wa maigida jari idan goro ya yi ƙwari ko kasuwa ta faɗi. Su ne ungozoma, su ne masu wankan gawar mata, su ne masu sasanta ma'aurata kafin magana ta kai gaban Sarki. Da rikici ya tashi a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002, maza suna waje, su ne suka tattara yara suka kwana da su cikin fargaba, suka kuma koma gaisawa da maƙwabtansu Yarabawa bayan ƙura ta lafa.

Ɗan goro ya fi kowa gane wannan. Mai saye goron yake dubawa, fari ne ko ja, daushe ne ko sabo. Ganyen da aka naɗe huhun da shi kuwa gefe ake turewa. Amma ba don ganyen nan ba, da goron bai isa Kano da ɗanyensa ba. Haka tsofaffin nan suke ga duk wanda ya zama wani abu a Zango.

Aikin kaka a gidan Bahaushe sananne ne. In jikanya ta haihu, ita ke tsayawa a kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. In lokacin yaye ya yi, ɗakinta ake kai yaro. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane. Kaka ce ke cike wannan gurbi, ta kira jikanta namiji maigidanta, ta kira macen kishiyarta, a yi ta wasa da tsokana. A cikin wasan nan ne yaro ke jin abin da ba zai ji a bakin uba ba: daga wane gari aka taso, wace shekara aka yi yunwa, wa ya auri wa, me ya raba wane da wane, kuma wa ya sulhunta su. A Agege aikin ya ƙaru da guda. Yaron da ke jin Yarabanci a titi, Turanci a makaranta, a ɗakin kakarsa yake samun Hausa mai kauri, da tatsuniya da karin magana da sunayen dangin da ke Daura ko Gumel ko Maraɗi. Ranar da aka ɗauki tsohuwa zuwa maƙabarta, in ba a yi tanadi ba, duk wannan ya bi ta.

Akwai shaidar cewa tanadin yana yiwuwa. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. An haifi Baba a 1877, ta rasu a 1951. Ba 'yar sarki ba ce, ba matar minista ba. A 1954 labarin ya fito a littafi, kuma har yau jami'o'in Ingila da Amurka suna karanta shi don sanin yadda Hausawa suka rayu kafin Turawa da bayan zuwansu: harin bayi, aure da saki, riƙon 'ya'ya, ƙawance, bori, kasuwancin mata. Makonni kaɗan na saurare suka ceto shekara 70 na tarihi. Abin da Baturiya ta yi da alƙalami da takarda, yau kowane saurayi a Zango yana da abin yin sa a aljihu. Wayar da ake kallon ƙwallo da ita tana iya naɗar muryar kaka na awa guda ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kafin tarihi kuma akwai ciki da lafiya. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, amma yawancin iyayenmu mata ba su taɓa aikin albashi ba, saboda haka ba su da fansho. Fanshonsu 'ya'yansu ne. Tsohuwar da ke ɗaki ɗaya a gidan haya a Agege, ga hawan jini, ga ciwon ƙafa, ga ido ya yi hazo, ba takardar doka take jira ba. Jira take a leƙo, a tambaye ta ko ta karya, a duba ko maganinta ya ƙare, a kai ta asibiti kafin ciwo ya kwantar da ita.

Sai kuma waɗanda iyayensu ke can gida. Kowa ya san yadda zancen yake tafiya. A ce sai azumi. Azumi ya zo a ce sai Babbar Sallah. Sallah ta wuce a ce kasuwa ba ciniki, kuɗin mota ya hau, hanya ba tsaro. Duk gaskiya ne, babu mai musun wahalar. Ita kuma in an kira ta, ba za ta ce tana kewa ba. Cewa za ta yi, "Lafiya lau nake, ka kula da kanka, Allah ya yi maka albarka." Da yawa daga mazauna Legas sun ji wannan addu'a a waya sau ba adadi, har ranar da wani ƙane ya bugo da asuba ya ce a yi haƙuri, Inna ta cika. Musulmi ba ya jinkirta gawa. Kafin doguwar bas ta wuce Ilorin an riga an dawo daga maƙabarta. Mutum ya isa ya tarar da tabarma da masu gaisuwa, ya kashe a kwana uku abin da ya ce ba shi da shi shekara uku.

Malamai a masallatan Zango da Markaz ta Agege ba su gaji da tunatarwa ba: Alƙur'ani ya haɗa kyautata wa iyaye da bauta wa Allah, ya ambaci lokacin tsufansu musamman, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma fifita haƙƙin uwa a kan na kowa wajen kyakkyawar mu'amala. Kuɗin da aka tura ta hannun mai POS yana sayen hatsi da magani, kuma wajibi ne a tura. Amma tsohuwa tana son ta ga fuskar ɗanta, ta ɗora jikanta a cinya, ta ji yana amsa mata da Hausa.

Hajiya Dada ta samu abin da mata ƙalilan suka samu, ta kuma sha abin da ba kowace zuciya ke ɗauka ba. Ta ga ɗanta ɗaya a mataki na biyu na mulkin Najeriya, ta ga ɗaya a na farko, ta kuma raka su duka biyun da addu'a zuwa kabari. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haɗa ta da mijinta da 'ya'yanta a Aljanna Firdausi, tare da dukkan iyayenmu da suka riga mu.

Kira na ƙarshe ga mazauna Agege da sauran unguwannin Hausawa na Legas. Shugabannin Zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa su ware mutanen da za su bi gida gida su naɗi labarin tsofaffin matan unguwa, a adana shi a fadar Sarkin Hausawa da makarantu. Masu hali su kafa asusun magani domin tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Kai kuma mai sauraro, in mahaifiyarka ko kakarka tana nan kusa, ka shiga ɗakinta yau bayan sallar isha'i, ka zauna, ka tambaye ta sunan kakarta da garin da aka haife ta. In tana Arewa, ka kira ta kafin ka kwanta, ka kuma sa ranar tafiya a cikin watan nan.